Ragar da Ta Yi wa Baba Tsaf Yawa

A layin da yake, ba wanda ke kiran telan da sunansa na yanka. Baba Tsaf ake ce masa, domin in ya gama gwada wa mutum riga sai ya ja da baya taku biyu, ya karkata kai, ya ce, "Tsaf." In bai faɗa ba, to rigar ba za ta bar shagon ba, ko da mai ita ya rantse ta yi masa daidai. Shekara talatin da huɗu ya yi a wannan shago mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya, da keken ɗinki biyu, da teburin yanka wanda tsakiyarsa ta lotsa saboda tsufa. Kwat da wando da rigunan ma'aikata su ne aikinsa, kuma Allah ya ba shi ido. Za ka shigo ka ce a ɗinka maka a kan awon bara, ya dube ka sau ɗaya ya ce, "Ka ƙara inci ɗaya da rabi a ƙugu. Matarka ta iya girki, Allah ya yi mata albarka."

Bango ɗaya ne ya raba shi da mai aski, abokinsa na shekara da shekaru, wanda ba ya barin rana ta faɗi bai tsokane shi ba. A gida kuma akwai matarsa, wadda yake kira Maman yara har gobe, alhali ƙaramin cikin yaran ya riga ya ajiye gemu.

Kunne ne ya fara. Na hagu ya toshe kamar wanda ruwa ya shiga wajen wanka, ya ƙi buɗewa. Daga baya hanci ya bi sahu, wani lokaci da safe ya ga ɗigon jini a hankici. Ya ce mura ce mai naci. Wata biyu yana shan ruwan ɗumi yana juya wa masu kawo ɗinki kunnen dama, har ranar da ya zauna a kujerar mai aski don a gyara masa ƙeya.

"Tela, ƙwai kake ɓoyewa a wuya don kar in ce ka sam mini?" in ji mai aski, yana danna gefen wuyan da babban yatsa.

"Yi askinka, malam."

Mai aski ya sake dannawa. Bai yi dariya ba a karo na biyu. Ya ajiye askar, ya kama hannun abokinsa ya ɗora a wurin. Baba Tsaf ya ji wani kumburi mai tauri, ba zafi ba ƙaiƙayi, kuma ya gane shi nan take, don ya taɓa taɓa irinsa.

Yayansa ne ya koya masa ɗinki. Shekara ashirin da shida da suka wuce, irin wannan kumburin ya fito wa yayan a wuya. Ba a kai shi asibiti ba sai da abin ya yi nisa. Aka fara yi masa gashi, wato ƙona ciwon da haske, da na'urar wancan zamani, wuyansa duka ya saɓule, bakinsa ya bushe ƙamas, ya rame har rigunan da ya ɗinka wa kansa suka koma kamar na aro. Kafin a kai rabin aikin aka kira ƙanin gefe aka ce jikin ba zai iya ɗauka ba, su koma gida. Baba Tsaf ne ya goyo shi zuwa mota. Wata huɗu yayan ya ƙara a duniya.

Saboda haka ranar da Likita ya zura masa siririn bututu mai kyamara ta hanci, ya gutsuri ɗan nama aka kai gwaji, sannan bayan kwana goma ya ce sankara ce a can bayan hanci, inda hanci da maƙogwaro suka haɗu, Baba Tsaf bai girgiza ba. Tambaya ɗaya ya yi.

"Wata nawa?"

Likita matashi ne mai sanƙo da gilashi, ba shi da gaggawar magana. Ya saurari labarin yayan har ƙarshe, sannan ya ce, "Baba, Allah ya jiƙan yayanka. Amma asibitin da ya gani ba shi ka zo ba. Cutar ce ba ta sauya ba, aikinmu ya sauya. Naka bai bar wuya ba, bai je huhu ba, bai je ƙashi ba. A cikin mutum goma da ke zuwa mana a wannan matakin, bakwai ko takwas suna nan da ransu bayan shekara biyar, suna harkokinsu. Za mu fara da magani ta jijiya sau uku, sannan gashi sau talatin da uku, kullum ban da Asabar da Lahadi. Abin da nake roƙonka ɗaya ne, a yi shi a jere, kar a tsinka."

Maman yara ta riƙe bakwai ko takwas ɗin. Shi kuwa maigidan nata kalmar ƙarshe ya riƙe: kar a tsinka.

Maganin jijiya ya wahalar da shi, amma ya wuce. Kafin a fara gashin aka kai shi wani ɗaki mai sanyi a ƙasan bene, inda ya haɗu da ma'aikaciyar na'ura, wata gajeruwar mata mai fara'a da saurin hannu. Ta kwantar da shi a kan gado mai tauri, ta sa masa ɗan matashin roba a ƙeya. Sai ta tsamo wata raga ta roba daga ruwan ɗumi, ta shimfiɗa masa a fuska da wuya har kafaɗa, ita da abokin aikinta suka dinga dannawa a hanci, a haɓa, a goshi, har ragar ta huce ta sandare da siffar fuskarsa. Ta bayyana masa cewa kullum za a sa masa ita a maƙale ta da gadon, don kar kansa ya motsa ko da kaurin zare. Na'urar yanzu, in ji ta, ba ta watsa haske a wuya gaba ɗaya. Zagayawa take yi, tana yanka hasken daidai siffar ciwon, tana kauce wa ido da laka da wurin da ke kawo yawu gwargwadon iko.

Da aka cire ragar ya tashi zaune ya karɓe ta, ya juya ta gaba da baya. Ga hancinsa nan, ga tudun haɓarsa, har ɗan karkacewar muƙamuƙinsa ya fito.

"'Yata, wa ya koya muku awo?"

"Ya yi, Baba?"

Ya miƙa hannu da ita nesa, ya karkata kai. "Tsaf," in ji shi. Daga ranar suka shirya.

Mako uku na farko suka tafi lafiya lau. Ƙarfe tara na safe yana kan bencin jira, shi da sauran masu gashi, kowa da gorar ruwansa. A cikinsu akwai wani tsohon direba wanda ya san komai, tun daga dalilin tsadar taya har abin da likitoci ke faɗa in sun rufe ƙofa. Wata Alhamis wani mutum da suka saba gani bai zo ba, sai direban ya rage murya ya ce, "Ragarsa ce ta yi masa yawa. Ya rame. In raga ta yi maka yawa, shi ke nan, sai su dakatar da kai." Ba wanda ya tambaye shi inda ya ji. Maganar ta bi Baba Tsaf har gida.

A mako na huɗu bakinsa ya yi gyambo. Komai ya sa a baki sai ya ji kamar tsumma yake taunawa. Maman yara ta koma dafa abu mai ruwa-ruwa, tana dama ƙwai da madara, tana markaɗa ayaba, tana tsayawa a kansa da cokali kamar mai yaye.

"Malam, cokali uku kacal."

"Na ƙoshi."

"Da me ka ƙoshi? Da iska?"

Ranar Juma'a, da aka maƙale ragar, ya ji haɓarsa ta ɗan yi wasa a ciki. Kaɗan ne ƙwarai, wani ba zai lura ba. Amma mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana gane inda riga ta saki ba zai kasa ganewa a fuskarsa ba. Da ya koma gida ya shiga ɗaki ya tura ƙofa, ya zagaya tef a wuyansa. Inci sha shida da rabi yake tun yana saurayi. Tef ya ce sha biyar.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ya zauna a bakin gado yana jin nauyin yayansa a bayansa kamar jiya. Saura gashi goma sha huɗu. In aka gane ragar ta saki za a dakatar da shi, in aka dakatar an tsinka, in aka tsinka kuwa ya san sauran labarin. Bai gaya wa kowa ba. Ya yi tunani irin na tela: in riga ta yi wa mutum yawa kuma ba halin a rage ta, ai ciko ake yi.

Da hantsin Asabar ya ce wa Maman yara zai leƙa shago ya sha iska. Ya buɗe ƙofa, ya kaɗe ƙurar keke, ya zaro sosan da ake sa wa kafaɗar kwat. Ya fere shi da reza har ya koma siriri, tsakiya da ɗan kauri, gefe kamar takarda. Ya lulluɓe shi da ƙyalle mai laushi kalar fata, ya bi bakin da ɗinkin hannu ƙanana ƙanana. Rabonsa da jin daɗin aiki haka tun kafin ciwon.

Mai aski ya leƙo da tawul a kafaɗa. "A'a, gawa ta tashi! Tela, kafaɗar wa kake yi haka? Kyanwa ce ta kawo ɗinkin kwat?"

"Kai dai je ka ci gaba da ɓata kawunan mutane."

"In kyanwar ta zo gwaji ka kira ni."

Ranar Litinin ya shiga ɗakin na'ura da cikon a tafin hannu. Ya cire riga, ya hau gado. Ma'aikaciyar ta juya ta ɗauko raga, shi kuma ya yi wuf ya tura sosan tsakanin ƙeyarsa da matashin. Kansa ya ɗan ɗago, fuskarsa ta cika ragar dam. Da ta maƙale ƙugiyoyin har ta ce, "Yau ka zauna da kyau, Baba." Ya ji wani sanyi a ransa. Suka fita suka rufe ƙofa mai nauyi.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne zagayen farko da na'urar ke yi kullum ba gashi ba ne, hoto ne. Tana ɗaukar hoton ƙasusuwan kai da wuya a ɗora a kan na ranar farko, sai sun hau juna sannan a saki haske. Ya ji ta zagaya ta tsaya. Ya jira ƙarar da ya saba ji, shiru. Can sai ƙofa ta buɗe.

"Baba, ka motsa ne?"

Ta cikin raga ba a iya magana sosai. Ya ce, "Uhm-uhm."

Ta kwance shi, ta gyara masa kafaɗa, ta sa hannu a ƙeyarsa don ta daidaita matashin. Hannun ya tsaya. Ta zaro abin a hankali, ta ɗaga shi a gaban fitila. Ta dubi ɗinkin, ta dubi tsohon, ta sake duban ɗinkin.

"Baba. Mene ne wannan?"

"Ciko ne, 'yata."

"Ciko."

"Ragar ce ta ɗan saki. Na ga kuna da aiki da yawa, na ce bari in rage muku."

Abokin aikinta ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Amma da ta ga idon Baba Tsaf ya ciko, sai ta jawo kujera ta zauna dab da shi.

"Gaya mini gaskiya."

"Kar ku mayar da ni gida," in ji shi, muryarsa a dushe. "Saura sha huɗu. Zan ci abincin, wallahi zan ci. Kar ku tsinka."

"Wa ya ce za a mayar da kai gida?"

Ya ba ta labarin abin da direban ya faɗa a benci. Aka kira Likita, ta gaya masa. Ya sauko, ya karɓi sosan, ya daɗe yana juya shi. "Wannan hannu ne ko keke?"

"Hannu."

"Allah ya yi baiwa a nan. Amma Baba, wannan ɗan abin ya ɗaga kanka ya karkatar da haɓarka kusan milimita huɗu. A wurinmu milimita huɗu tafiya ce mai nisa. Da hasken ya tafi haka, da ya bar gefen ciwon ya taɓa inda muke ta kare maka. Don haka ne ba ma sakin sa sai mun ga hoto." Ya ajiye sosan. "In mutum ya kawo maka yadi, ka auna shi, kafin ka yanka ya rame, me kake yi?"

"Sake awo."

"Korar sa kake yi?"

"Haba, Likita."

"To mu ma sake awo muke yi. Yau za a yi maka sabuwar raga da sabon hoto, mu sake tsara hasken a kan wuyanka na yanzu. Kafin sabon tsarin ya kammala za mu ci gaba da tsohuwar ragar, muna daidaita ka da hoto kullum. Ko kwana ɗaya ba za ka rasa ba. Mutumin da kuka daina gani a benci ma yana nan, lokacinsa aka mayar yamma."

Baba Tsaf ya sunkuyar da kai. Rashin sani ya fi dare duhu.

"Kawo hannunka," in ji Likita. Ya kama yatsunsa ya ɗora a gefen wuyan hagu. "Nemo mini kumburin."

Ya lalluba sama, ya lalluba ƙasa. Tun da aka fara gashi fatar wurin ke zafi, ya daina taɓawa. Da ƙyar ya samo wani ɗan abu kamar ƙwayar wake.

"Ramar gaskiya ce, kuma za mu yi faɗa a kan abinci. Amma rabin wurin da ya saki a ragar nan, mazaunin wannan ne. Shi ne ya tashi ya bar maka fili. Labarin da muke jira mu ji ke nan, kai kuma ka zauna ka ɗinka masa murfi."

Dariyar da ta kama Baba Tsaf ta fama masa gyambon baki, yana yi yana riƙe muƙamuƙi, hawaye na zuba. Ma'aikaciyar ta ce ba za ta mayar masa da sosan ba, ta jefa shi a aljihun rigarta.

Maman yara ba ta yi dariya ba sai da ta gama faɗa. A bencin jira ta tsare shi, a gaban direban da kowa.

"Wato shan iskar ke nan? Mutum da furfurarsa! Likitoci sun yi shekara da shekaru suna karatu, kai ka zo musu da sosan kafaɗa?"

"Ai ɗinkin ya yi kyau, Likita ma ya faɗa."

"Zan ba ka kyau. Yau kofi biyu na madara za ka sha, in ka musa in kira mai aski in ba shi labari."

Ya sha kofi biyun. Ta kuma ba mai aski labarin duk da haka, kafin la'asar layin gaba ɗaya ya ji.

Makonnin ƙarshe ba su zo da sauƙi ba. Fatar wuyansa ta yi duhu ta ɗaye, muryarsa ta koma raɗa, akwai ranakun da kofi ɗaya na madara ke cin sa awa guda. Amma ya daina ɓoye komai. In abu ya dame shi sai ya ce, "'Yata, zo ki ga," a ba shi maganin kurkure baki ko na zafi. Sabuwar ragar ta kama shi cif har ranar gashi na talatin da uku, ba a tsallake ko ɗaya ba.

Sai jira na wata uku, kafin a yi hoton da zai nuna ko aikin ya ci. A cikinsu kunnen hagu ya buɗe rabi, ɗanɗano ya fara dawowa, gishiri ne farko, sukari daga baya. Bakin bai koma kamar da ba, gorar ruwa ta zama abokiyar tafiya, amma yana da yawun da zai haɗiye abinci ya kuma yi musu da mai aski.

Ranar sakamako Likita ya juyo musu da allon kwamfuta, ya nuna hoton farko da na yanzu gefe da gefe. Ko Maman yara da ba ta san kan hoton ba ta ga bambancin.

"Ban ga komai ba," in ji Likita. "Gwajin jinin ma ya fito fes. Za ka dinga zuwa duk wata uku muna dubawa, daga baya duk wata shida. Ba na ce an rufe littafi ba, amma yau ranar murna ce."

Maman yara ta rufe fuska da gefen mayafi tana ta hamdala. Shi kuwa ya riƙe hannun Likita da hannu biyu ya ƙi saki.

A hanyar komawa ya ce wa mai motar haya ya tsaya a layin masu yadi. Maman yara ta ce rana ta yi, ya ce minti biyar. Ya shiga shago uku kafin ya sami abin da yake so, wani yadin kwat ruwan toka mai nauyi, irin wanda ake shekara goma ana sawa bai koɗe ba. Ya murza shi tsakanin yatsu, ya ɗaga shi a rana, ya ce a yanko.

"Na wa?" in ji ta.

"Nawa."

Washegari da safe ya shimfiɗa yadin a teburin yanka. Ya kira mai aski ya riƙe masa tef, tun da mutum ba ya auna bayansa da kansa.

"Ƙugu talatin da ɗaya," in ji mai aski. "Kai, Tela, ai sandar tsintsiya ta fi ka."

Baba Tsaf ya ɗauki alli ya ja layi a kan talatin da biyar.

"Talatin da ɗaya na ce. Kunnen ne har yanzu?"

"Na ji ka sarai. Ba na yau nake yanka wa ba. Ka dawo baɗi war haka ka gani ko ba ta kama ni ba."

Ya kurɓi ruwa daga gorarsa, ya gyara tsayuwa, ya sa almakashi.